Ziyarar Nekruz ta Ƙarshe

An haifi Nekruz a Panjakent, a wani gida da ke fuskantar kangon tsohon birni. Ya rasu yana da shekara ashirin da biyu da wata huɗu a wani ƙauye na ƙasar Indiya, a hannun mutanen da ba su taɓa ganinsa ba sai ƙarfe sha ɗaya na safiyar ranar. Mahaifinsa, Davlatsho, malamin lissafi ne a sakandare. Nekruz kaɗai ne namiji cikin 'ya'yansa huɗu.

Tun yana ƙarami bango ne abin sha'awarsa. Yara su hau kango don su yi tsalle, shi kuwa ya tsuguna yana duba yadda aka jera tubali. Da ya sami gurbin karatun zanen gine-gine a birnin Pune, taswira ya fara nema kafin ya tambayi inda zai kwana. Cikin shekara biyu ya ga ɗakunan ibadar da aka sassaƙa cikin dutse a Ellora har sau uku, ya hau ganuwar Daulatabad, ya zaga kaburburan waliyyan Khuldabad. Duk inda ya je, na Musulmi ne ko na wasu, yakan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya auna ginshiƙi, ya zana a littafinsa.

Abokin yawonsa Kedar ne, ɗan ajinsu, Bahinde haifaffen Pune. Shi ne mai babur, shi ne kuma mai jin yaren mutanen karkara.

"Kai Dogo," in ji Kedar, "kowa ya zo ƙasar nan 'yan mata yake kallo, kai sai duwatsu."

"Dutse bai taɓa tambayata ko ina da mota ba, bhau." Bhau ɗan'uwa ke nan a yaren su Kedar.

Kakar Nekruz, Bibi Mohtob, ba ta san Pune ba, amma ta san akwai bayin Allah kwance a can. Duk wanda zai tafi sai ta ba shi ƙullin nabot ya kai wa jikanta, sukarin nan rawaya mai daskarewa kamar ƙanƙara. "Duk kabarin da ka ziyarta ka raba wa yara," takan ce a waya. "Yara na ce, ba ƙatti ba. Hannu da hannu kuma, kar ka watsa musu kamar kaji." Shi kuma ya ce, "To, Bibijon." A Panjakent ba mai saukowa daga ziyara da sauran alewa a aljihu.

Wata Asabar a farkon damina suka kama hanyar wani ƙauye da aka ce musu akwai tsohuwar rijiya mai matakala, da ɗakin ibadar Hindu na dutse, da kabarin wani waliyyi da aka ce daga Bukhara ya zo. A makonnin nan wani bidiyo yana yawo a wayoyin mutanen yankin, wai baƙi suna zuwa kan babur suna sace yara. Mahaifiyar Kedar ta turo masa, ya yi tsaki ya goge. Bai gaya wa Nekruz ba.

Sun isa sha ɗaya saura kwata. Nekruz ya karanta Fatiha a kan kabarin, Kedar kuma ya gangara cikin rijiyar yana ɗaukar hoto. Da Nekruz ya fito sai ya tarar da yara biyar suna shafa madubin babur. Ya tsuguna, ya buɗe jakar bayansa, ya kama hannun wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba, ya sa mata nabot a tafi, ya naɗe mata yatsun a kai, ya shafa kanta. Haka aka yi masa yana yaro, haka ya yi a Khuldabad sau da dama.

Wata mata da ke tafe da itace a ka ta yar da shi ta kurma ihu. Yaran suka watse.

Kedar ya ji abin da take faɗa tun yana ƙasan rijiya. Ya hau matakala sittin da huɗu da gudu, ya faɗa kan babur ya tayar.

"Hau, Dogo! Hau mu tafi!"

"Me ya faru?"

"Ka hau na ce!"

A lokacin mutum bakwai ko takwas ne kawai suka fito, hanya kuma a buɗe take. Amma a gabansu akwai wani dattijo mai farar hula da sanda, yana ɗaga hannu yana kira. A inda Nekruz ya tashi, yaro ba ya juya wa babba baya alhali ana kiransa, ko da zagi za a yi masa. Yakan tsaya, ya ɗora hannu a ƙirji, ya sunkuyar da kai har a gama.

"Dattijo ne ke magana, bhau. Bari in gaishe shi, minti ɗaya."

"Kan uban minti ɗaya! Don Allah ka hau!"

Nekruz ya ɗora hannun dama a ƙirji ya nufi dattijon.

Kafin ya gama gaisuwa an kai mutum talatin. Wani ya zare makullin babur. Wani saurayi mai jar riga ya fizge jakar ya zazzage ta a ƙasa: igiyar awo, littafin zane, gorar ruwa, sallaya, da ƙullin nabot.

"Ga shi nan! Har da taswirar garin!"

"Rijiya ce ya zana, bhau, ka duba mana," in ji Kedar. "Ɗalibi ne. Ga katinsa, ga nawa."

"Ni ma in na je birni sai in buga kati goma. Wannan igiyar fa? Tsawon 'ya'yanmu yake aunawa?"

Mai jar riga ya ɗaga dunƙulen nabot sama, rana ta haske shi. Babu wanda ya taɓa ganin irinsa a ƙauyen.

"Wannan ne suke ba yara su suma."

"Sukari ne! Wallahi sukari ne!"

"To ya ci mu gani."

Kedar ya fassara. Nekruz har murmushi ya yi, don ya zaci magana ta ƙare. Ya karɓa ya jefa a baki, ya tauna, kowa na jin ƙarar. Ya ƙara wani. Aka yi tsit ana jira ya faɗi.

"Ai ya sha makarinsa tun daga gida," in ji wani daga baya.

Mari ne ya fara sauka, daga mai jar riga. Nekruz ya fi shi tsawo da taƙi guda, kuma ya yi kokawa a makaranta, amma bai ɗauke hannunsa daga ƙirji ba. Na biyu gora ce a gadon baya. Ta uku ta same shi a bayan gwiwa ya durƙusa. Daga nan ba wanda zai iya cewa wane ne ya yi mene. Ranar kasuwa ce a ƙauyen da ke gaba, waya ta riga ta kai labari cewa an kama ɓarayin yara da buhu, mutane suna ta isowa a kan babura da taraktoci, wasu da ƙotar fartanya, wasu da sarƙar keke. Waɗanda ba su sami wurin duka ba suka ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Nekruz ya kare kansa da hannun hagu, sanda ta karya hannun a ƙasan gwiwar. Dutse ya fasa masa gira, jini ya rufe ido ɗaya. Kedar yana ihu yana faɗin sunan unguwarsu da na mahaifinsa da na kakansa, har wani ya buge masa baki da kwalba.

Dattijon, wanda ashe shi ne mai garin, sai yanzu ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ya shiga tsakani da sandarsa yana cewa a bari hukuma ta zo. Shi da wasu mutum biyu suka ja samarin zuwa ɗakin taron ƙauye, taku ɗari daga wurin, ana binsu da jifa. Ya tura su ciki, ya ce su sa sakata, ya tsaya a bakin ƙofa.

Ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya da ƙarafa. Kedar ya kira 'yan sanda, aka ce masa mota ta taso. Ofishinsu na da nisan kilomita sha takwas, ruwan sama kuma ya ɓata hanya.

Nekruz ya jingina da bango yana riƙe da karyayyen hannun. Haƙoransa biyu sun fita, maganarsa ta canza.

"Me suka ce na yi?"

"Wai sace yarinyar za ka yi."

Duwatsu na sauka a kan kwanon rufi.

"Ka ce musu su kira uwarta. Ta duba hannun 'yarta."

"Ba mai ji, Dogo."

"To kai ka fita. Kai nasu ne, yarenku ɗaya."

"Rufe mini baki, ɗan iska. Da ka hau babur da yanzu muna shan shayi."

Nekruz ya ɗaga ido ɗayan da ya rage yana gani ya dubi ƙofar. "Katakon mai kyau ne," ya ce. "Amma wanda ya kafa ta da ƙusa uku ya kafa."

Minti ashirin da biyu ƙofar ta yi. An fara da kafaɗa, aka koma ga turmi, daga ƙarshe aka ɗaura sarƙa a jikin tarakta aka fizge ta gaba ɗaya. An ture mai garin gefe, hularsa ta faɗa cikin taɓo.

Da ƙafa suka jawo Nekruz waje, kansa na bugun dakali. Kedar ya faɗa a kansa ya rungume shi. Suka yi ta dukan bayan Kedar, da suka ga ba zai saki ba sai wani ya sa ƙarfen taya ya karya masa ƙafa, mutum huɗu suka ɓamɓare shi suka jefar gefe.

Nekruz ya yi ƙoƙarin tashi sau biyu. A karo na biyu ya kai ga gwiwoyinsa. Ya ce shi baƙo ne. Ya faɗa da harshen Hindi, kalmar kuwa ɗaya ce da ta garinsu, kowa a wurin ya gane ta. Wani ya amsa masa, "Baƙon uwar wa?" aka yi dariya. Aka sa masa ƙafa a ƙirji ya koma ƙasa. Sun tattaka cikinsa da haƙarƙarinsa. Wata mata ta watsa masa ruwan kwata. Wani mutum mai furfura, wanda daga baya aka ce tela ne kuma ba a taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba, ya ɗauko bulo da hannu biyu ya sake shi a gefen kansa. Bayan wannan bai ƙara magana ba, amma dukan bai tsaya ba.

'Yan sanda biyu suka iso ƙarfe ɗaya saura minti goma. An jefi motarsu, an fasa wa ɗaya kai, sai da ɗayan ya yi harbi sama sannan aka buɗe musu hanya. Nekruz yana numfashi lokacin da aka sa shi a bayan mota. Ya cika ƙarfe ɗaya da minti talatin da biyar, saura kilomita shida a kai asibiti, kansa a cinyar Kedar. Takardar likita ta lissafa rauni arba'in da ɗaya, da karaya tara. Yarinyar kuwa tana ɗakin uwarta tun ihun farko, ba abin da ya same ta.

Kwana uku bayan haka Davlatsho ya sauka a ƙasar, karon farko da ya hau jirgi zuwa waje. Ya gane ɗansa ta tabon ƙuna a ƙafar dama, don fuskar ba ta ganuwa. Ya sa hannu a takardu. Jami'in 'yan sanda ya ce an kama mutum ashirin da uku, ya kuma tambaye shi ko zai kalli bidiyon da aka ɗauka lokacin dukan. Ya kalla sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, a tsaye. Sannan ya nemi a kai shi wurin Kedar.

Kedar yana kwance, ƙafa a rataye, an ɗinke masa leɓe. Da ya ga mutumin ya gane shi, tsawonsa ɗaya ne da na ɗansa. Ya yi yunƙurin tashi.

"Kwanta, ɗana."

"Baba, ni na san da bidiyon ɓarayin yaran. Uwata ta turo mini, na goge. Ban gaya masa ba."

Davlatsho ya ja kujera ya zauna.

"Na ce ya hau babur. Sau uku na faɗa, Baba, na rantse. Hanya a buɗe take. Sai ya ce wai dattijo na magana."

"Na gani."

"Me ya sa bai hau ba?"

Davlatsho ya dubi hannuwansa da ke kan gwiwa. Sai da ma'aikaciyar jinya ta shigo ta duba ruwan da ake ƙara wa Kedar ta fita sannan ya amsa.

"Yana da shekara tara wani maƙwabcinmu ya kira shi, ya ruga da gudu saboda ya riga ya fasa masa taga da ƙwallo. Na kai shi ƙofar mutumin na tsayar da shi, hannu a ƙirji, har aka gama yi masa faɗa. Da muka koma gida na doke shi. Sau ɗaya ke nan da na taɓa dukansa."

Kedar ya juya fuska ga bango, yana kuka. Davlatsho ya jira. Can ya miƙe, ya gyara masa matashin kai, ya ɗauki kwanon abincin da aka ajiye tun rana ba a taɓa ba.

"Da wane gefen bakin kake iya ci?" ya tambaye shi.