Illo da Takardun Ƙosai

Wata Juma'a ce, ranar kasuwar Maraɗi, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, Kaka ta shimfiɗa tabarma a gindin bedi, ta miƙo mini wasiƙar kawunmu da ke ci-rani a kurmi. Ni kaɗai ne ɗan lakwal a gidanmu na Sabon Gari, don haka in an yanka kaza ni ke da cinya. Na gyara murya irin ta mushe, malamin ajinmu, na duba rubutun, sai na ga kamar kaji sun yi tono. Gaisuwar na iya karantawa, sauran na cika daga kaina: kowa lafiya, yana nan tafe kafin damina. Sai Illo, ɗan gwaggona, wanda ya kawo tumatir a kan jaki daga Jiratawa, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kaka, ba zuwa zai yi ba. Cewa ya yi a sayar da ragonsa a saya miki magani." Daga ranar cinya ta sauya kwano.

Abin haushin, ni na koya masa. In an ba da hutu akan tura ni Jiratawa ban ruwa a lambu, ni kuma in riƙa zana masa baƙaƙe a laka da tsinke, don kawai ya san na fi shi. Illo bai taɓa zama a benci ba, amma duk takardar da aka ƙunso ƙosai ko tsire a ciki sai ya lallaɓa ta, ya shanya a kan danga mai ya tsane, ya karanta, ya adana a tsohuwar tukunya. Yau rabin labarin jirgin ruwa, gobe gefen darasin ƙwari. In labari ya yanke masa a tsakiya, yakan bi mai ƙosan har kasuwar Tsibiri neman ɗaya shafin. Ni kuwa ƙosan nake ci. Wata rana haushi ya ci ni, na juye wa akuya tukunyar kaf. Ko a jikinsa. Cewa kawai ya yi, "Taubashi, yanzu akuyar ma ta fi ka karatu."

Na bar lakwal a aji biyar na kama sayar da yadi, a zatona karatu ya ƙare ranar da na ajiye jaka. Yau Illo gemu fari fat, tabarau ɗaure da zare, har yanzu yana karatu a wayar jikarsa. In gardama ta tashi a majalisa sai a ce a jira Illo, ni kuwa kuɗin shadda kaɗai ake tambayata. Kwanan baya na yi niyyar kamo shi a ɓoye, na sayo ƙosai na koma ɗaka. Ashe yanzu a baƙar leda ake zubawa. Na juya ta ciki da waje, babu ko harafi ɗaya. Rabona ne na ba akuya.