Ƙoran Yari da Sunan Wani

Yayana Yari falke ne kafin ciwo ya same shi. Jakai shida gare shi, yana ɗauko gishiri da kanwa daga Ƙonni ya kai Sakkwato. Shekarar da Nasara suka zo kafa alamun iyaka tsakaninmu da ƙasar Faransa, ita ce shekarar da farin tabo ya fito masa a kafaɗa. Kafin damina biyu kowa a Illela ya san kuturta ce. Matarsa ta kwashe kayanta, abokan tafiya suka daina haɗa akushi da shi. Mijina Maharazu ya yi masa bukka bayan gidanmu, kuma wallahi bai taɓa barin mu manta da wannan alheri ba.

Mutumin da ya saba da hanya, a ce ya zauna wuri ɗaya? Yari ya kusa zaucewa. Wata rana ya sa tsinken ƙarfe a wuta, ya fara ƙona zane a bayan wata fasasshiyar ƙwarya, don kawai hannunsa ya sami abin yi. Yatsunsa sun riga sun mutu, ba ya jin zafi, sai ya riƙe ƙarfen dab da jan bakinsa, inda mai lafiya ba zai iya ba. Shi ya sa layinsa ke fitowa siriri kamar gashi. Ni nakan ji ƙaurin fatarsa kafin shi ya lura. Na yi faɗa har na gaji, ya ce muddin ƙarfen na hannunsa mantawa yake da jikinsa.

Matan Fulani suka haukace a kan ƙoran nan. To amma wace ce za ta zuba nono a abin da kuturu ya taɓa? Sai Maharazu ya riƙa kai su kasuwa yana cewa aikinsa ne. Maharazu fa, wanda ko tsinken sakace bai iya fiƙewa! Da wannan ƙaryar gidanmu ya ci ya sha. Yari bai nemi komai ba sai abu ɗaya, a san cewa hannun nan da ake gudu shi ne ke wannan aiki. Kullum mijina ya ce masa ya bari sai lokaci ya yi.

Shekara ta biyar haƙurinsa ya ƙare. Ranar kasuwa ya ja sandarsa ya fito, ya tarar da Hawwa, wata Bafulatana daga wajen Araba, tana juya babbar ƙwarya tana yabon Maharazu. Ni ce ke tsaron kayan ranar.

Ya ce, “Baiwar Allah, ni na yi ta.”

Hawwa ta dubi hannunsa, ta dire ƙwaryar kamar ta ɗauki garwashi. Mata suka taru. Da yawansu sun yi shekaru suna shayar da 'ya'yansu a ƙoran nan. Ta juyo gare ni.

“Hindatu, mi yake faɗi? Gaskiya ne?”

Na tuna 'ya'yana huɗu, na tuna fuskar Maharazu. Na ce su yi masa uzuri, ciwon ya fara taɓa masa kai. Haka na faɗa, da bakin nan nawa, a kan ɗan'uwana da muka sha nono ɗaya. Matan suka yi ajiyar zuciya, wata ma ta jefa masa sadaka daga nesa.

Yari ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Gaskiyarta, ban da lafiya.” Ya juya ya tafi.

Na zaci zai jefar da ƙarfen. Washegari na ga hayaƙi daga bukkarsa, don ba shi da wani abin da zai yi da yininsa. Ya ƙara shekara uku yana aiki, har yatsun suka ƙare, bai jima ba ya rasu. Yau jikokina na alfahari a kasuwar Ƙonni cewa kakansu Maharazu ba a taɓa yin mai zane kamarsa ba. Ina zaune ina jinsu, kuma har yanzu ban gyara maganar ba.