Lambar da Ba Ta Kumbura Ba

Kakata Barira, wadda muke kira Iya, ginin tukwane take yi a Durba, kuma ban taɓa ganin mai tambaya irinta ba. In ka sayi randa a wurinta, kafin ka ɗaura wa jaki sai ta ji inda za ka girke ta, da rijiyar da kuke sha, da abin da ya fasa ta bara. Wasu sun ce gulma ce. Ƙarya suke yi. Mai gulma so take ta kai magana wani wuri, ita kuwa Iya so take kawai ta gane. Ta taɓa tare wani mai keke a hanyar Kibiya, ba ta bar shi ya wuce ba sai da ya nuna mata inda iska take shiga taya.

Mutum ɗaya ne a duniya ba ta tambayar labarinsa: mahaifiyata Saude, da nake kira Inna, 'yarta ta fari, wadda ke aure a Nariya. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, Iya kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. Ba ta kiran sunanta, ba ta zama inda ake hirarta. In ta kama dole sai ta ce "ta Nariya", tana kallon wani gefe. Inna ta ce mini tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba.

Abin da zan faɗa ya faru ina goye, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Daga bakin Iya da na Inna na haɗa shi, kuma ba ko'ina bakinsu ya zo ɗaya ba.

A bazarar shekarar ne agana, cutar ƙurajen nan mai kisa, ta shigo ƙasarmu. Hukuma ta sa aka yi shela cewa an rufe kasuwar Rano da ta Kibiya, ba biki, ba taro, wanda ya kamu kuma a fitar da shi bayan gari a yi masa bukka. Shelar ta sami Iya ta gama toya kaya cike da tsakar gida: tuluna, randuna, kasake. Mijinta ya daɗe da rasuwa, gonarta ba ta taɓa ciyar da ita shekara ba, ga rumbu ya kusa ƙasa.

Sai taimako ya zo ta inda ba a zata ba. Dagaci ya tara masu sana'a a ƙofar gidansa, ya ce hukuma ta san ta rufe musu hanyar abinci, don haka za ta sayi kayansu saboda bukkokin marasa lafiya. Masu saƙar zana su kawo, masu tabarmi su kawo, masu tukwane ma haka, za a biya kowa da dawa. Jama'a suka yi godiya suka watse. Iya ce kaɗai ba ta tashi ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in mai ciwon ya warke, tulun fa?"

Dagaci ya ce, "A fasa shi, a ƙone bukkar."

"A fasa? Tulun nawa?"

"In kin karɓi dawa ai ya tashi daga naki, Barira."

Maƙwabciyarta Salamatu, ita ma mai ginin tukwane, ta ce tun da na fasawa ne ba za ta kashe kanta ba, ta dinga zubo wasu abubuwa masu kama da tulu. Ba na ganin laifinta sosai, yara bakwai gare ta. Iya ma ta gwada, hannunta ya ƙi. Yadda ta saba haka ta ci gaba: ta tankaɗe yumɓu, ta cuɗa da ƙaiƙayi daidai yadda tulu zai riƙa gumi ta waje, ruwan ciki ya yi sanyi har ya kama haƙori.

Ana cikin haka mai lamba ya iso, wato ma'aikacin da yake tsaga hannu ya sa maganin hana agana. Malam Mika'ilu sunansa, wani dogo mutumin garin Saji, da kaki da keke. Abu na farko da ya nema shi ne wuri mai sanyi. Aka kai shi inda aka jera kayan da hukuma ta saya, ya bi tulunan yana zura hannu, ya tsaya a kan na Iya. Da haka ya jawo wa kansa, domin daga ranar bai sake samun hutu ba.

Maganin yana cikin 'yan kwalabe sirara kamar tsinken tsintsiya. Ya naɗe su da tsumma ya sa a gwangwani, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tulun, ya binne gwangwanin a ciki.

Iya ta ce, "Malam, me ya yi za ka binne shi?"

"Ba ya son zafi, Iya."

"Kamar man shanu?"

"Kusan haka."

"In ya ji zafin narkewa yake yi ko wari?"

"Iya, ga mutane suna jira."

Kwana uku tana zaune kusa da tabarmarsa tana kallon yadda yake karce dantse da tsinken ƙarfe. Da ya gama da Durba zai wuce Nariya da ƙauyukanta, sai tulu ya ƙi zama a keke. Ya ɗaure ta nan, ya zame ta can. Daga ƙarshe ya zaro gwangwanin ya jefa a jakar da yake ratayawa. Iya ta ce, ba kai ka ce ba ya son zafi ba? Ya ce kwana biyu ne, ba komai. A tsakiyar bazara ne fa, lokacin da ko kaza ba ta tsallaka tsakar gida da azahar.

Bayan mako guda Durba ta rikice. Duk wanda aka yi wa lamba hannunsa ya kumbura ya ɗuri ruwa, yara suna zazzaɓi, maza sun kasa ɗaga fartanya ga sharar gona ta zo. Sai wata mai tallar nono da ke ratsa garuruwan ta kawo labari cewa a Nariya lafiya ƙalau, ko ƙaiƙayi ba wanda ya ji, tsagar ma ta bushe kamar ba a yi ba.

A bakin rijiya Salamatu ta ce, "To, maganin Nariya dai ba a tulun kowa ya kwana ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma kafin la'asar gari ya ɗauka cewa yumɓun Barira ne ya ɓata maganin hukuma. Washegari Iya ta buɗe ƙofa ta tarar da randa biyu an dawo mata da su, ɗaya ma ta shekara shida a gidan da ta fito. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Shekara shida kuna shan ruwa a ciki ba wanda ya kumbura!

Da wata ce, da ta shige ɗaki ta yi kuka. Iya fita ta yi kallon hannayen mutane. Ta tuna cewa da Malam Mika'ilu ya naɗe hannun riga ta ga wani tabo a dantsensa, zagayayye kamar an danna masa bakin kwalba. Ta tuna ta taɓa ganin irinsa a jikin Ramalan, tsohon soja, wanda yake gyaran takalma a gindin tsamiya. Ta same shi, ko gaisuwar kirki ba ta gama ba.

"Ramalan, wannan tabon naka na mene ne?"

"Lamba ce, a barikin soja aka yi mana."

"Ta kumbura?"

"Kumbura? Hannuna sai da ya yi kamar taɓarya. Ai haka ake so, Barira. Likitanmu duk wanda tasa ba ta tashi ba sai ya koma layi an sake masa. In ba ta kumbura ba, ba ta kama ba."

Ramalan ya ce sai kawai ya ga ta zauna a ƙasa, cikin ƙusoshinsa da guntayen fata. Tulunta ya fita daga zargi, amma ko ta kan wannan ba ta bi ba. Zafi ya kashe maganin da aka kai Nariya. Gari guda suna yawo suna murna an yi musu lamba, alhali ba abin da ke tsare su. A cikinsu akwai 'yarta, da ni a bayanta.

Nan ne wurin da nake jin haushin Iya, kuma na faɗa mata tana da rai. Kwana huɗu ta yi ba ta motsa ba. In ta je wurin dagaci, za a ce tulunta take wankewa. Wannan ma mai sauƙi ne. Babban abin shi ne kowa ya san wa take da shi a Nariya. Tsohuwa kamarta ta ruga gaban maza tana kukan 'yar fari? Da wane ido za ta sake shiga taro? Ta aika wa dagaci ta bakin Ramalan, dagaci ya ce aikin hukuma ne, mai lamba zai zagayo da kansa. Ta yi ta gina tukwane tana rushewa. Matar da take tare baƙo a hanya saboda iskar taya, ta kasa buɗe baki a kan abu ɗaya da ya dame ta.

A rana ta biyar dabara ta faɗo mata, kuma ni ce dabarar. Jika ai ba a jin kunyarsa, abokin wasa ne. Ta ɗauki tulun nan a ka tun da sassafe ta nufi Kibiya, inda aka ce Malam Mika'ilu yana aiki. Ta same shi ta sauke tulun a gabansa.

"Malam, ina da wata ƙawa a Nariya, Khadijatu, ko haƙori ba ta gama ba. Ka karce mata hannu, bai tashi ba."

"Wani jikin yakan yi jinkiri, Iya."

"Jikin gari guda?"

Ta ce sai ya cire hula ya share gumi. Ba mugu ba ne. Mutum ɗaya ne aka ɗora wa ƙauyuka fiye da ƙarfinsa, bai sami komawa ya duba ba. Bai yi gardama ba, bai kuma ɓoye ba, ya je ya faɗa wa na gaba da shi, aka ba shi sabon magani. Iya ta jiƙa yashi da hannunta. Haka suka shiga Nariya: malamin hukuma yana tura keke a ƙasa, tsohuwa a gaba da tulu a ka, duk rijiyar da suka tarar sai ta tsaya ta yayyafa masa ruwa.

Mutanen Nariya ba su ji daɗin ganinsu ba. Wa yake son a sake tsaga shi, kuma a ce masa wannan karon sai ya yi ciwo? Da ƙyar mai unguwa ya shawo kansu. Aka yi mini, aka yi wa Inna. Iya tana zaure tana yi mini tsiya wai ƙawarta raguwa ce, ba ta ko kalli inda Inna take ba.

Tawa ta kumbura, ga tabon nan har yau. Ta Inna ta makara. A cikin kwanakin nan huɗu agana ta kama wata tsohuwa a gidan da ke jikin namu, aka rasa mai kai mata abinci bukka. Inna ta ce ita za ta kai, ai an yi mata lamba. Har wanke mata jiki ta yi. Mako guda bayan zuwan su Iya zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙuraje suka feso, aka fitar da ita bayan gari.

Iya ba ta koma Durba ba. Ta karɓe ni ta goya, tana ba ni kunu da madarar da take samu a ruga. Kullum da hantsi takan cika tulun nan ta kai bakin bukkar, ta ajiye, ta juyo ba magana. A rana ta tara ta tarar da ruwan jiya ba a taɓa ba. Ta yi gyaran murya, shiru. Ta buga zanar, shiru.

Inna ta ce tana kwance, idanunta sun manne, ba ta san ko tana duniya ba, sai ta ji wata murya tana cewa, "Saude. Saude! Ki amsa mini." Ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Ta ce a ranta, shi ke nan, na mutu. Sai da aka kira na uku ta iya cewa, "Na'am, Iya."

Ta tashi, amma da zanzana a fuska, idonta na hagu kuma bai sake gani ba. Ranar da aka ƙone bukkar, Iya ce da kanta ta ɗaga tulun ta buga da ƙasa.

Kasuwa ta buɗe da faɗuwar damina. Waɗanda suka dawo da randuna suka zo a sunkuye suka ɗauki abinsu, Iya kuma ba ta fasa tambayarsu inda za su girke ba. Malam Mika'ilu ya riƙa aiko a gina masa ƙananan tuluna masu zama a keke, har ya bar aikin. Ya sha gaya mata cewa kwana huɗun nan Allah kaɗai ya san ko da sun canja wani abu. Takan ce masa, "Allah ya sani, Malam, ni ma na sani."

Ta yi shekara ashirin bayan haka, ba ta sake kiran sunan ba. Amma duk zuwan da Inna za ta yi Durba, Iya takan tashi daga inda take ta koma ta zauna a damanta, gefen idon da yake gani.