Kawu Cindo da ɓerayen da ke faɗowa

Tun ina ƙarama nake jin ana kiran ƙanin mahaifiyata Cindo Ci-ka-kwanta. A ƙauyenmu da ke bayan Gagarawa babu wanda ya kai shi sammakon gona, amma da zarar ya sha fura ya zauna, wata rana ƙafafunsa sai su ƙi ɗaukarsa. Yakan yi sa'o'i a kwance, idonsa biyu, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. An yi masa ƙaho, an yi masa hayaƙi, daga baya aka bar shi da sunan rago. Da wannan sunan ya yi aure, da shi ya yi furfura.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na yi aiki da wasu ɓerayen gwaji. A jikin ƙwayoyin tsoka akwai 'yan ƙananan ƙofofi da gishirin jiki ke shiga da fita ta cikinsu, su kuwa ɓerayen nan an haife su da tawayar ƙofar. Mukan ɗora su a kan sanda mai juyawa. Lafiyayyu su yi ta tafiya, waɗannan su yi ta kokawa da yatsunsu har su zame su faɗo. Malaminmu ya ce akwai mutane masu ciwo makamancin wannan, wanda hutu bayan aikin ƙarfi da cin abinci mai nauyi ke tayar musu. Nan take Kawu Cindo ya faɗo mini a rai.

Na dawo gida da damina, aka kira gayya a gonar Kawu, don ciyawa ta kusa shanye geronsa. Ni da matarsa Amina muka kai fura. Na roƙe shi ya sha kaɗan, kada kuma ya zauna. Amma mai gona shi ke fara sa ludayi, shi ke zama da baƙinsa. Da aka miƙe, Kawu bai miƙe ba.

Sabo, wanda ya tara gayyar, ya jefar da hauyarsa. "Mai gona a inuwa, mu a rana? Cindo, ko sarauta aka ba ka ba mu ji ba?"

Na ce, "Baba Sabo, ciwo ne. Na ga irinsa a jikin ɓerayen da muka yi bincike a kansu."

Sabo ya ce, "To kun ji. An kai ta jami'a ta dawo ta ce kawunta ɓera ne." Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai shi ya sa rumbun Cindo ba ya cika. Suka saɓa hauyoyinsu suka tafi, rabin gonar ko taɓa shi ba a yi ba. Kawu yana kwance ya ce mini, "Juwairiyya, ya isa haka."

Bayan kwana biyu ya tafi shi kaɗai ya ƙarasa noman. A tsakiyar kunya Amina ta same shi da azahar, rana ta gasa masa fuska, numfashi yana yi masa wuya. A bayan a-kori-kura muka kai shi Gumel. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda hannunsa ke lilo. Likita ya auna jininsa, ya ce wani gishiri ya yi ƙasa sosai, aka ƙara masa, kafin magariba yana motsa ƙafa. Gwajin da bai kai tsawon sallar Juma'a ba, shi mutumin nan ya jira duk rayuwarsa.

Su Sabo sun zo dubiya. "Allah ya sawwaƙe, ashe da gaske ne." Iyakar abin da suka ce ke nan. Babu wanda ya ce a koma gonar, ciyawa kuwa ta ci rabin geron.

Da suka fita, Kawu ya kira ni. "Ɓerayen nan naku, in sun faɗo, me kuke ce musu?"

"Ba ma ce musu komai, Kawu. Ɗaukarsu muke yi mu mayar da su mazauninsu."

Ya juya fuskarsa bango.