Na Ce Mata Makaranta Lafiya

Ranar da aka rantsar da gwamnatin farar hula a 1979, rediyoyi na ta kiɗe-kiɗe ko'ina, ni kuwa ina rakuɓe a akori-kura daga Maraɗi, da ƙunshin kayana a cinya. Shekarata tara. Gwaggo Hassu, yayar babana, ita ta karɓe ni riƙo, ta kawo ni gidanta a Ƙofar Durbi don in shiga boko.

Tun a zaure ta ja min kunne. Da sunan 'yarta za a rubuta ni, saboda haka Hausarmu mai gaurayen Faransanci ta tsaya a kan iyaka, a Jibiya. A wurinmu makaranta lakwal ce, littafin rubutu kaye, wutar lantarki kuran, kanti bitik, likita kuwa lokotoro. Ni ban san aro ba ne, na ɗauka Hausa ce kamar kowace. "Ki kuskura ki ce lakwal a gaban hedimasta, sai su kore ki," in ji ta.

Sai na koyi shiru. Yara na 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni ina tsakar gida ina surfen gero, don in na yi zumuɗi bakina zai suɓuce. In aka aike ni Babbar Kasuwa, tun daga gida nake bitar abin da zan ce. Wurin akuyar Gwaggo kaɗai nake sakin baki, ina zuba mata dusa ina gaya mata kuran ya tafi. Wallahi na tsani gidan nan, ko da yake ba a taɓa dukana ba.

Bayan babbar salla Inna, mahaifiyata, ta zo. Ashe ta yi niyyar komawa da ni in ta ga ban saba ba, amma ba wanda ya gaya min. Ta zaunar da ni ta ce, "Ƙaƙa lakwal, ɗiyata?" Gwaggo na tsaye a bakin madafa tana kallona. Na ce, "Makaranta lafiya lau." Inna ta daɗe tana dubana, sannan ta yi murmushi ta ce wa Gwaggo, "Ta zama Bakatsiniya, a bar ta." Washegari ta hau mota ita kaɗai.

Yanzu 'yan Maraɗi na ciniki a kasuwa da bakinsu, ba mai waiwayensu. In na ji an ce lakwal sai in rage tafiya. Da na faɗe ta sau ɗaya a ranar da Inna ta tambaye ni, da na bi uwata gida.