Malam Shu'aibu Mai Tuffar Wara

Da an sallame asuba, Malam Shu'aibu yakan hau kekensa ya nufi lambun gwaji da ke bakin ruwan Kainji, bayan garin Wara. Masunta su ɗaga masa hannu su wuce. Ya sha kununsa shi kaɗai, sannan ya bi bishiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin ke nan yana aikin malamin gona, kuma a watan nan zai ajiye aiki.

A shekarar da aka ba mu jiha ya je kwas Jos, ya dawo da dashen tuffa tara a kwali. Shida suka rayu, suka yi ganye shar, amma shekara biyar ko fure ɗaya babu. A tsakanin nan matarsa Barira ta rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci. Mutanen gari suka fara cewa kaɗaici ya taɓa shi. Wani babba ya zo rangadi, ya ce a sare su a dasa gwaiba. Malam ya roƙi alfarmar shekara guda.

Da ya yi nazari, sai ya gane gata ne ya yi musu yawa. Taki da ruwan kullum ganye kawai suke ƙara wa itace. Ga shi tuffa 'yar ƙasar sanyi ce, sai ta zubar da ganye ta huta take fure, zafin Yauri kuwa ba ya barin ta ta huta. Sai ya daina taki, ya janye ruwa, ya lanƙwasa rassa ya rataya musu duwatsu, ya tsige ganyen kakaf da hannunsa.

Dudu mai bandar kifi ta tarar da shi yana wannan aiki, ta tambaye shi ko kashe su zai yi. Ya ce barci yake so su yi. Bayan 'yan makonni, ita ya ƙwala wa kira da safe.

"Inna Dudu, taho ki gani, kar ya zan ni ɗai na gani."

Farin fure ne a kan rassa huɗu. Ta ce ya daɗe tsaye, sannan ya ce Barira ce ta fara ba su ruwa.

'Ya'yan da suka fito ƙanana ne, masu tsami, amma ba a sare bishiyoyin ba. Daga nan, duk wanda mangwaronsa ya ƙi fure daga Ngaski har Shanga, kai ake aika wa, Malam. Kai ne kake zuwa da zartonka, ka rage rassa rana ta shiga, ka ce a yi haƙuri da taki, ka koma gidan da babu mai yi maka sannu da zuwa.

Mun gode, uban lambu. Allah ya saka da alheri. Malaman gona masu tasowa, ku koyi haƙurinsa. Mu kuma da muke shan mangwaron nan, mu riƙa leƙa shi tun yana da rai.