Baƙar Kaza a Ɗakin Salwar Ilarie

Tun watan Mayu aka fara raɗe-raɗi a ƙauyen nan cewa kazata ce ta kashe salwar Ilarie Bostan. Na ji, na yi tsaki, na ce bakin mutanenmu ya fi injin niƙa aiki. Bakin da ya ce Fada, limamin cocinmu, yana rina gemu, wane zance ne zai gagare shi? Haka na faɗa, kuma na yi iya ƙoƙarina in yarda da kaina.

Ranar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, da hantsi, ƙararrawar coci ta yi bugun mutuwa. Kafin in tambaya, sai ga 'yarka Doina, ya Ilarie, a bakin shinge, ta ce, "Kawu Gherasim, Baba ya cika." Shekararka saba'in da huɗu. Likita ya ce zuciya ce. Ban musa masa ba, amma na riga shi sanin ranar da zuciyar ta fara tsayawa.

Ilarie, maƙwabcina, shinge ɗaya ya raba mu shekara arba'in, ni ne kuma na riƙe Doina ranar baftismarta. Kai kaɗai ne a ƙauyen nan ba ka da kaza ko ɗaya. Tun da ka bar aikin jirgin ƙasa ka kama kiwon salwa a ɗakin bayan gidanka, ka kafa doka wadda ta fi ta soja. Takalmin roba biyu a bakin ƙofa, kwanon ruwan farar ƙasa na tsoma ƙafa, raga a kowace taga don tsuntsayen waje da ɓeraye. Sabon tsuntsu sai ya yi wata guda shi kaɗai kafin ya ga 'yan uwansa. Fada da kansa ya zo yayyafa ruwan albarka, ka tare shi ka ce ya tuɓe takalmi tukuna.

Mun yi maka dariya, ni ne kan gaba. Nakan leƙo ta shinge in ce, "Ranka ya daɗe, ana ganin 'ya'yan sarki yau?" Kai kuma ka ce, "Je ka wanko ƙafarka, tsohon banza, warin akurki kake." Ka sha gaya mini cewa kaza munafuka ce: ta yi mura ta warke, ta ci gaba da tone-tonenta, amma cutar tana jikinta har ta mutu, salwa kuwa ba ta da jikin ɗauka. Na ce zancen littafi ne. Kakata ta yi kiwon kaji da agwagi da aladu a fili ɗaya, ta kai casa'in.

Amma duk wanda ya yi dariyar ya ci ƙwan. Babu yaro mai tari a layinmu da bai sha ƙwan salwarka ba. Shekarar da matata Ileana ta kwanta, cikinta ba ya riƙe ko tuwon masara, kullum da safe nakan tarar da ƙwai biyar a tsohuwar hularka a kan shinge, har dusar ƙanƙara ta narke. Ba ka taɓa tsayawa a yi maka godiya ba. In na kira ka sai ka ce, "Dawo mini da hulata kawai, kaina na sanyi."

Sai Afrilu ya zo, matarka Saveta ta rasu. Ka san al'ada: ba a rufe kabari sai an miƙa baƙar kaza mai rai ta samansa ga mai haƙa, sadaka, don ta share wa mamaci hanya. Gidanka babu kaza, saboda haka mata suka aike ni. Na kamo tawa, na ɗaure mata ƙafa. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, gida ya cika maƙil, karnuka na zagaya tukwane, kai kana ɗaki kusa da gawa ba ka ganin kowa. Na duba inda zan ajiye kazar sadaka kada ta jiƙe. Ɗaki ɗaya ne busasshe: ɗakin salwarka.

Na shiga da takalmin da na fito da shi daga akurki. Na tsallake kwanon farar ƙasa don kada in zubar maka. Na ɗora ta a kan buhun abincinsu, dab da mazubin ruwa. Ta yi awa uku a nan kafin a ɗauki gawa. Wannan kazar ta yi mura a lokacin sanyi, ido ya kumbura, ta warke. Na sani. Ban kawo shi a raina ba, ko kuwa na kawo na ture, yau ban iya rantsewa.

Bayan kwana goma salwa suka fara atishawa. Idanu suka kumbura suka liƙe, suka daina ganin abinci. Kullum kana fitowa da bokiti cike da matattu. Ɗari huɗu, jinin da ka yi shekara goma sha tara kana zaɓe. 'Yan da suka rage ka yanka da hannunka, don ka ce wanda ya warke ya zama kaza shi ma. Ka binne su da farar ƙasa, ka ƙone kejin da ka ƙera. A wata ɗaya ka rasa mace ka rasa abin da zai tashe ka da safe.

Wadda ta fara faɗa mini maganar kazata ita ce Profira mai shago, tana auna mini gishiri. Na bar mata gishirinta na fita. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na zo wurinka ina huci, na ce, "Ka ji abin da suke cewa?" Ka kama hannuna ka kai ni bayan ɗakin, ka nuna mini raga a yage. Ka ce, "Ta nan tsuntsun waje ya shigo. Laifina ne, tsufa." Na kwana da daɗi ranar. Amma ni maƙeri ne, Ilarie. Na san wayar da tsatsa ta ci, na san wadda almakashi ya yanka. Bakin wayar nan sabo ne, yana ƙyalli. Kai ka yanka ragarka don ka ba ni wurin ɓuya, ni kuma na shige na zauna.

Wata bakwai ina kawo maka miya, muna zancen ruwan sama da ciwon gwiwa, kana ramewa kamar kyandir. Takalman nan biyu suna nan a bakin ƙofar ɗakin da babu komai. Kalma ɗaya ta rage tsakaninmu, kullum in ce gobe.

Ranar Alhamis muka binne ka kusa da Saveta. Ni na miƙa wata baƙar kazar ta saman kabari, ta kusa suɓuce mini har mai haƙa ya ce, "Riƙe ta da kyau, tsoho, kada ta bi shi."

Allah ya jiƙanka, Ilarie, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya haɗa ka da Saveta inda babu cuta babu shinge. Doina, ke da mijinki da 'ya'yanku, Allah ya ba ku haƙuri, ya karɓi alkamar sadakar da za ki dafa ranar arba'in. Ni ban san ko ina da fuskar ci ba.

Maganar kazar kuwa na ji ta a shago, na ji ta a bakin coci, likitan dabbobi ma ya faɗa a kaikaice. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe ya faɗa ne kwana huɗu kafin ƙararrawa, yana kwance, yana murmushi. Ya ce, "Gherasim, ka kawo 'yar uwarta ranar tawa jana'izar. Ka ajiye ta inda ka ajiye waccan, yanzu babu wanda za ta kashe." Na kai hannu kunne na ce, "Me ka ce? Kunnen nan ya mutu." Ya dube ni ya ce, "Ba komai. Miyar ta yi gishiri."

Na ji ka sarai, Ilarie. Kai ne ka faɗa mini na ƙarshe.